Amfani da Tsirran Ruwa Wajen Tace Ruwan Jiƙon Zare

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan yadda ake amfani da tsirran ruwa wajen tace gurɓataccen ruwan da ke saura bayan an jiƙa tsirran zare. An ɗauki misali daga Bangaladash da yankin Bengal na Indiya, inda aka fi noman jut a duniya. Ɗaya daga cikin tsirran da ake samun wannan zare shi ne lalon da Bahaushe ke miya da shi, kuma yadda ake fitar da zaren bai bambanta da na rama ba.

2.0 Yadda Ruwan ke Gurɓata

Akwai wani danƙo da ke manne zare a jikin kara. Domin a raba su, akan nutsar da dammunan kara cikin kududdufi ko rafi na tsawon mako 2 zuwa 3, har ƙwayoyin bakteriya su narkar da danƙon. A yayin wannan aiki, ƙwayoyin kan cinye iskar oksijin da ke cikin ruwan. Daga nan sai ruwan ya yi baƙi, ya riƙa wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, kifaye su mutu ko su ƙaura. Asarar kan faɗa ne a kan masunta da masu wanka da wanki.

3.0 Aikin Tsirran Ruwa

Masaniya Käthe Seidel ce ta fara gwada tace ruwa da ciyayin fadama a Jamus a shekarun 1950. A shekarun 1970 kuma, B. C. Wolverton na hukumar NASA ya gwada wata irin kainuwa mai shuɗin fure, wadda asalinta Amurka ta Kudu ne. Ana kuma amfani da kainuwar da muka sani, da shalla, wato kacalla.

Aikin tsirran iri uku ne. Na farko, saiwoyinsu kan tare laka da ɓurɓushin kara su kwanta. Na biyu, saiwoyin kan zama mazaunin ƙwayoyin da ke ruɓar da dauɗa, kuma wannan shi ne mafi girman aikin. Na uku, tsirran kan zuƙe sinadaran naitirojin da fosfaras su gina jikinsu.

4.0 Sharuɗɗa

Dole ne a fara tara ruwan jiƙon a rami na daban ya lafa, ko a sirka shi, domin idan ya yi kauri yakan kashe tsiron. Haka kuma wajibi ne a riƙa kwashe tsirran a kai a kai, a yi taki da su. In an bar su suka ruɓe a ciki, abin da suka zuƙa zai koma ruwan. Sannan a killace su, domin kainuwa mai shuɗin fure kan ninka yawanta cikin kimanin mako 2. Tun da ta ɓulla a ruwayen Legas a 1984 take toshe hanyoyin kwale-kwale, kamar yadda kacalla ta toshe magudanai a fadamun Haɗeja da Nguru.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa hanyar ba ta buƙatar inji ko lantarki, amma tana buƙatar fili da lokaci da hannun mai kula. Bahaushe na yi wa kainuwa kirari da dashen Allah, sai dai wadda za ta tace ruwa dole mutum ya dasa ta, ya kuma cire ta a kan kari.