Ɗan Tsako Ya Fasa Ƙwai Ya Kasa Fita: Me Za A Yi?

A ƙauyukan Dutse, Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu, da wuya a shiga gida ba a tarar da kaji suna tono ba. Yawancinsu na mata ne da yara. Kaza ita ce asusun uwargida. In yaro ya kwanta ciwo, ko ana neman kuɗin littafin makaranta, ita ake kamawa a kai kasuwar Shuwarin ran Litinin, ko Gujungu ran Lahadi. Saboda haka duk ɗan tsakon da ya mutu a cikin ƙwai, kuɗi ne ya zube.

Abin takaici shi ne, wasu 'yan tsakin mai kaza ne ke kashe su da hannunsa, yana ganin taimako yake yi. Zai ga ƙwai ya tsage tun da safe, har azahar ba a fito ba. Sai tausayi ya kama shi, ya sa farce ya ɓare ɓawon. Sai jini ya ɓalle. Kafin magariba ɗan tsako ya mutu. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Abin Da Ke Faruwa A Cikin Ƙwai

Kaza tana kwanci kwana 21. Wani lokaci a samu ragin kwana ɗaya, ko ƙarin kwana ɗaya, wannan ba komai ba ne.

Kowane ƙwai yana da kai biyu, ɗaya mai tsini, ɗaya mai fāɗi. A kan nan mai fāɗi akwai ɗan fili mai iska. Wajen kwana na 19 ɗan tsako yakan huda tantani ya sa bakinsa cikin wannan fili, ya fara numfashi. A lokacin in aka kara ƙwan a kunne, za a iya jin kukansa. Wajen kwana na 20 sai ya bugi ɓawo da wani ɗan tsini da ke kan bakinsa, ya yi 'yar ƙaramar ƙofa.

Daga nan sai ya yi shiru. Wannan shirun ne ke ruɗin mutane. Yakan kai awa 12, wani har awa 24, wato yini da kwana. Ba gajiya kaɗai ce ta tsayar da shi ba, akwai aiki biyu da jikinsa yake yi. Na farko, yana janye sauran gwaiduwa zuwa cikin cikinsa ta cibiya. Ita ce guzurinsa na kwana biyun farko a duniya. Na biyu, tantanin da ya lulluɓe shi cike yake da ƙananan jijiyoyin jini. Da su yake shaƙar iska tun yana ƙarami. Sai jinin ya koma jikinsa, jijiyoyin sun ƙafe, sannan zai zagaye ɓawon da baki, ya tura da ƙafa, ya fito. Wanda ya ɓare ƙwai kafin wannan aiki ya ƙare, ya yanke jijiya ke nan. Jinin ɗan tsako kuwa ɗan kaɗan ne, in ya zuba ba ya da na mayarwa.

To, yaushe ne ya kamata a sa hannu? Sai an ga alamu sun haɗu. Yini da kwana sun wuce tun da ya fasa, ƙofar ba ta ƙaru ba. Yawancin 'yan'uwansa sun fito sun bushe. Tantanin da ake hange ta ƙofar ya bushe, ya koma ruwan ƙasa, ya manne masa kamar takarda. Kukansa da ƙarfi a da, yanzu ya fara raguwa. Haka kuma wanda ya fara zagaye ɓawo ya kai rabi, sannan ya tsaya cik na awoyi, shi ma ya maƙale.

Irin wannan maƙalewa ta fi yawa a nan Jigawa lokacin hunturu da bazara, domin iska ba ta da laima. Da an yi ƙofa a ƙwai, busasshiyar iska ta shiga, sai tantani ya ƙame. Yawan ɗaga kaza don a leƙa yana ƙara wannan matsala. Yara sun fi kowa wannan hali, a hana su.

Yadda Ake Taimakon

A wanke hannu da sabulu. A samo ruwa mai ɗumi, wanda ba ya ƙona bayan hannu, da tsumma mai tsabta ko auduga. A shiga ɗaki inda babu iska, amma akwai haske.

A fara daga ƙofar da shi ya yi. A riƙa ɓantarar ɓawo kaɗan-kaɗan, kamar girman ƙwayar dawa, ana bi ta wajen kai mai fāɗi. Ɓawo kawai ake cirewa, kada a yaga tantani tukuna. Sai a jiƙa tsumma a shafa wa tantanin. In ya jiƙe zai yi haske, a ga abin da ke ƙarƙashinsa. A kula ƙwarai kada ruwa ya shiga hancin ɗan tsako, ɗigo kaɗan ya isa ya shaƙe shi.

Nan ne wurin lura. In an ga jajayen jijiyoyi, ko jini ya ɓullo, a tsaya nan take. Lokaci bai yi ba. A danna wurin a hankali da tsumma, a mayar da ƙwan ƙarƙashin uwa, ƙofar tana sama. A dawo bayan awa uku ko huɗu. In kuwa jijiyoyin sun ƙafe, babu ja, sai a janye tantanin a hankali daga kai da kafaɗa.

Da kai da fiffike sun samu sarari, aiki ya ƙare. Kada a jawo shi waje. A bar shi zaune a cikin rabin ɓawon, a mayar wa uwarsa, shi zai ture da ƙafarsa. Dalili kuwa, cibiya tana can ƙasa, ba a ganinta. In aka fizge shi gwaiduwa ba ta gama shiga ba, cibiya za ta zama kafar cuta. Duk aikin kada ya wuce 'yan mintoci, domin sanyi ma yana kisa.

A sani, ba kowane aka taimaka yake rayuwa ba. Wani tun asali rauni gare shi, ko ƙafa a karkace. Ƙwan da bai fashe ba har kwana 23, babu motsi babu kuka, baragurbi ne. A ɗauke a binne, kada ya fashe a gurbi.

Gyara Tun Daga Gurbi

Yawancin wahalar ranar ƙyanƙyasa tun ranar sa ƙwai aka shuka ta. Ƙwan da ya wuce kwana 10 a ajiye ƙarfinsa ya ragu. A watan Afrilu zafi a Dutse yakan haura 40 a ma'auni, ƙwan da aka bari a ɗakin kwano kuwa ba ya kai ko mako. A ajiye shi cikin tukunyar ƙasa, a ɗora ta kan jiƙaƙƙen yashi a inuwa. Kada a wanke ƙwan kwanci, ruwa yana tafiya da abin da ke kare shi daga cuta. Mai datti da mai tsaga a kai su kicin. Ƙwan kireti na gidan gona shi ma na ci ne, domin kajin da suka yi shi ba su tare da zakara.

Kazar gida ƙarama ce, ƙwai 8 zuwa 10 sun ishe ta. Babba ta iya ɗaukar 12. In aka cika mata, na gefe ba sa samun ɗumi, ita kuma tana juya su, yau wannan a waje, gobe wancan. A ƙarshe kwaɗayin 15 ya sa a tashi da biyar.

A sa wa kowane ƙwai alama da gawayi ranar da ta fara kwanci. Sauran kaji sukan shiga su ƙara mata sabo. Sabon ba zai fito tare da na farko ba, uwa za ta tashi ta bar shi. Duk wanda aka gani babu alama a cire. Da damina mutane sukan sa wa kaza ƙwan zabi. Dabara ce mai kyau, amma ƙwan zabi kwana 26 zuwa 28 yake yi. In za a haɗa, a fara sa na zabi, bayan mako guda a ƙara na kaza.

Gurbi ya kasance a ƙasa, wuri mai duhu, da yashi da ɗan ciyawa. Da rani a riƙa yayyafa ruwa a ƙasar da ke kewaye da gurbin, ban da kan ƙwan. A barbaɗa toka saboda ƙuma da ƙwarƙwata, domin su ne ke korar kaza daga kan ƙwai. Ruwa da hatsi su kasance kusa da ita. A kwana na 10, da dare, a haska kowane ƙwai da tocila. Mai ɗa zai nuna duhu da jijiyoyi. Wanda haske ya ratsa fes babu komai a ciki.

Bayan An Fito

Ranar farko ɗumin uwa ya fi abinci muhimmanci. Ruwa kuwa a ba su a faranti marar zurfi, a zuba tsakuwa a ciki don kada su faɗa. Abinci tsakin gero ko na masara, da dusa mai laushi. A haɗa musu da gara, ko garin ƙuli-ƙuli kaɗan, ko garin busasshen kifi, su ne masu gina jiki. Hatsi zalla ba ya sa girma.

A killace uwa da 'ya'yanta a akurki ko ƙarƙashin babban kwando har mako huɗu zuwa shida. Shirwa, muzuru, gafiya da raɓar safiya sun fi cin 'yan tsaki a wannan tsakani.

Sai babbar abokiyar gaba, annobar nan da takan share kaji da hunturu, wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasil. Kaza ta yi zugum, fiffike ya sauka, kashi kore, wuya ya murɗe. Ba ta da magani. Kafso ja da rawaya da ake kwancewa a ruwa ɓarnar kuɗi ne a kanta. Amma tana da riga-kafi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, wadda take can tun 1924, tana yin irinsa. Akwai wanda ake kira I-2, mai jure zafi fiye da sauran, ɗigo ɗaya ake sa wa a ido, babba da ƙarami. Ana maimaitawa duk wata huɗu, kuma a tabbata an yi kafin sanyi ya shigo. Kwalba ɗaya ta ishi kajin gidaje da yawa, in an haɗa ta da ruwa kuma ba ta ajiyuwa. Don haka maƙwabta ko 'yan ajin yaƙi da jahilci su haɗa kuɗi, su nemi malamin dabbobi na ƙaramar hukuma ko malamin gona na JARDA, a yi wa unguwa duka rana ɗaya. Lafiyayyu ake yi wa, ban da waɗanda suka riga suka kamu.

Kazar da aka sayo daga kasuwa, ko aka kawo kyauta, a ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin na gida. In kaji suka fara mutuwa da yawa a rana ɗaya, kada a yanka a ci, kada a ruga da sauran kasuwa. Tana yiwuwa murar tsuntsaye ce, wadda ta fara ɓulla a Nijeriya a 2006, kuma takan kama mutum. A sa leda a hannu a binne matattun da zurfi, a wanke hannu da sabulu, a hana yara taɓawa, a kai rahoto asibitin dabbobi mafi kusa a ranar.