Shari'ar Kwalabe Uku

A tsakiyar watan Janairu, lokacin da hunturu ya kankama a Gusau har mutum na jan ƙafa kafin ya taɓa ruwan alwala da asuba, aka wayi gari a gidanmu an kama zuma da laifi. Kwalabe uku ne a kan kantar Inna. Biyu sun fito ne daga hannun wani dattijo na wajen Ruwan Bore, wanda yakan shigo gari da jarkarsa ya ɗura wa mutum a tsohuwar kwalbar lemo, ya rufe bakin da leda ya ɗaure da roba. Ta ukun daga kanti ta zo, da hoton saƙa a jikinta da rubutun Turanci da Larabci, kuɗinta kuma ya fi na waɗancan biyun a haɗe.

Ta farko ta daskare gaba ɗaya, ta yi fari-fari, cokali da ƙyar yake shiga, in ka lasa sai ka ji tsaki-tsaki a harshe. Ta biyu ta rabu gida biyu: ƙasa dunƙule, sama ruwa tsululu da kumfa, in aka kwance ledar sai iska ta fita tare da wani ɗan warin tsami. Ta kanti kuwa tana nan garau, tana zuba yadda take ranar da aka sayo ta.

Inna ba ta ɓata lokaci ba. Ta ce, "Ga sukarin nan ya fito da kansa. Ɗayar kuma ruwa ya labta mata. Tsoho da furfurarsa, ya rasa wa zai cuta sai ni." Abin da ya hana ni bin bayanta shi ne, mutumin nan ya daɗe yana kawo mana zuma, kuma macuci ba ya yawan komawa ƙofar da ya taɓa cuta. Sai na roƙi a ɗage hukunci.

Muka fara da gwaje-gwajen da kowa ya gada. Aka tsoma kan ashana a kowace kwalba aka ƙyasta. Ta farko ta kama, ta kanti ta kama, ta biyu ta ƙi. Aka ɗiga a kofin ruwa: biyun suka nutse a dunƙule, mai kumfar ta watse tun kafin ta kai ƙasa. Aka ɗiga a kan rairayi, labarin bai sake ba. Maganar cewa kiyashi ba ya shan zuma ta gaskiya kuwa, da alama ba a sanar da kiyashin gidanmu ba, don duka ukun ya yi wa layi.

To me muka gano? Abu ɗaya tak, wato kwalba ta biyu ruwa ya yi mata yawa. Ashana da kofin ruwa da rairayi duk kauri suke aunawa. Wanda ya dafa sukari ko mazarƙwaila ya bar su suka yi kauri sosai zai tsallake gwajin nan uku yana murmushi. Saboda haka ba su wanke kowa ba, kuma ba su ce komai a kan tsakin da ke cikin kwalbar farko ba, wanda shi ne babbar hujjar Inna.

Da wannan tsakin na je wurin wani abokina da ke koyar da kimiyya a wata sakandare a Tsafe. Ya lasa, ya murza kaɗan tsakanin yatsunsa har ya narke, sannan ya tambaye ni a ina aka ajiye kwalbar. Na ce a ɗakin da ke kallon gabas, kusa da taga. Ya yi dariya. Bayaninsa shi ne, zuma ba abu ɗaya ba ce. Kusan kashi 38 cikin 100 nata wani sukari ne da ake kira furuktos, kusan kashi 31 gulukos ne, ruwa bai wuce kashi 17 zuwa 18 ba. Wannan ɗan ruwan ya yi kaɗan ya riƙe gulukos ɗin a narke har abada, don haka ko ba daɗe ko ba jima sai ya fara haɗuwa yana zama ƙwayoyi. Abin ya fi sauri idan sanyi ya kai wajen digiri 14 a ma'aunin Salshiyas, daidai irin daren hunturunmu ke nan. Ya kuma fi sauri idan ba a tace zumar da inji ba, domin ƙurar fure da ɓurɓushin kakin da suka rage a ciki su ne ƙwayoyin ke fara taruwa a jikinsu.

Sai ya ƙara da abin da ya juya mini shari'ar. Ya ce masu haɗa zumar jabu sun san mai saye na tsoron daskarewa, shi ya sa suke dafa sukarinsu da lemun tsami ko tsamiya, domin tsamin yana farfasa sukarin rake ya hana shi komawa ƙwaya. Wato duk gwanintar ɗan algus ta ƙare ne a kan kada kayansa su yi abin da kwalbar dattijon ta yi.

Wannan ya sassauta zargi amma bai kashe shi ba. Inna ta kawo tambaya mai nauyi: zumar da mutumin ya kawo bara ta ga hunturu a ɗaki guda, a kanta guda, me ya sa ita ba ta daskare ba? Kuma waccan baƙa ce wuluk, wannan fara-fara. In ba hannu aka sa ba, me ya sauya?

Amsar tana bakin dattijon mai amya, kuma sai da na jira ya shigo gari. Na same shi a bakin kasuwa, na gaishe shi, na fito da kwalbar farko ba tare da na ce komai ba. Ya juya ta a hannu, ya shinshina.

"Wagga ta kaɗa ta, Malam," ya ce. "Ta kaka. Haka take yi in ɗari ya sauka."

Na ce, "Baba, ta bara fa?"

"Ta bara ta bazara ta. Ɗorawa da kaɗanya. Can cikin daji munka ɗebo ta, sa'ad da ana shiga."

Kalmar nan ta ƙarshe ba ta bukatar fassara ga duk wanda ya san halin rashin tsaron da ƙauyukan Gusau da Tsafe da Bungudu suka shiga a shekarun nan. Dajin da ake rataye amya a manyan itatuwa ya zama wurin da mutum ba ya taka ƙafa don garwar zuma. Sai ya dawo da amyoyinsa bakin gari, kan itatuwan da ke gefen gonaki, inda maƙwabcinsa ya shuka auduga, wato kaɗar da ya ambata. Masu kiwon zuma a ƙasashen da ake noman auduga da yawa sun daɗe da sanin cewa zumarta fara-fara ce kuma tana saurin daskarewa, don gulukos ɗinta na da yawa. Ƙudan zuma bai sauya ba, mai amya bai sauya ba, furen ne ya sauya. Kwalba ta farko ta fita.

Da na miƙa masa ta biyu sai fuskarsa ta canza. Ya buɗe, ya ji warin, ya yi shiru.

"Ba ruwa na zuba ba, Allah na gani," ya ce. "Yaro ne ya hau. Yanzu ba a daɗewa bisa icce da dare, wuta daga nesa ake hango ta. Abin da hannunai ya kai, shi ya kwaso, da rufaffiya da buɗaɗɗiya."

Nan ne sirrin yake, kuma ya kamata duk mai sayen zuma ya san shi. Ruwan furen da ƙudan zuma ke kawowa tsinkakke ne. A cikin amya suke yi masa fifita da fikafikansu har ruwan ya ragu zuwa ƙasa da kashi 20, sannan su liƙe bakin kowane rami da kaki. Saƙar da aka liƙe ta nuna. Wadda bakinta ke buɗe ɗanya ce. In aka matse su tare, ruwan ɗanyar ya shiga cikin nunanniyar, kuma ƙwayoyin yis da ke cikin kowace zuma, waɗanda kauri ke hana su motsi, sai su samu wurin aiki. Shi ya sa ƙa'idar hukumar Codex, wadda hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa a 1963, ta ce ruwan zuma kada ya wuce kashi 20 cikin 100. Abokina na Tsafe ya cike mini gurbin da ya rage: in gulukos ya daskare ya kwanta a ƙasa, ruwa kaɗan yake tafiya da shi, sai abin da ya rage a sama ya ƙara tsinkewa. Zumar da dama tana bakin iyaka, hunturu ya raba ta biyu, saman ya tsallake iyakar ya fara tsami. Kumfa da iskar nan alamar ta kama hanyar zama abin maye ne, don ta wannan hanyar Habashawa ke yin abin shansu na zuma da ake kira tej. Inna da ta ji haka ko kallon kwalbar ba ta sake yi ba. Dattijon ya karɓi laifin ganganci, ya musanya mana da wata, ba a kai ruwa rana ba.

Saura ta kanti, wadda ba wanda ya zarga tun farko. Ni kuma ita ce ta fara damuna, domin yanzu na san rashin daskarewa ba shaidar kirki ba ce. Yana iya zama furen ne mai yawan furuktos, yana iya zama an dafa ta an tace ta da inji, yana iya zama wani abu dabam. Na sa 'yar yayata ta zuba kowace a cokali ta ba mu ido rufe. Ta dattijon tana da ƙamshin fure da ɗan kartar maƙogwaro a ƙarshe. Ta kanti zaƙi ne zalla, ya zo ya wuce bai bar komai ba. Inna da kanta ta zaɓi ta dattijon, ta kuma ce an yi mata wayo.

Yarinyar ce ta ƙarasa aikin. Tana wasa da kwalbar sai ta ce, "Kawu, ka karanta nan kuwa?" A bayan kwalbar, cikin ƙananan haruffan da sai an kai su bakin taga, an jera abin da ke ciki: ruwan gulukos na masara a farko, zuma a biye, sai sinadarin ƙamshi. Kamfanin bai ɓoye ba, ya dai rubuta a inda ya san ba a dubawa. Irin wannan ruwan gulukos ɗin da ake yi daga sitaci yana ɗauke da wasu dogayen sukari masu hana ƙwaya haɗuwa, shi ya sa masu yin alewa ke sonsa, shi ya sa kuma hunturu bai yi wa kwalbar komai ba.

Kada mai karatu ya ɗauka mu kaɗai ake yi wa haka. A 2023 Tarayyar Turai ta fitar da sakamakon binciken zumar da ake shigar mata daga waje: cikin samfur 320, kashi 46 cikin 100 an zarge su da haɗi. Tun 1978 wasu masana biyu a Amurka, Jonathan White da Landis Doner, suka fito da gwajin da ke kama sukarin rake da na masara a cikin zuma, saboda waɗannan tsirrai suna tara sinadarin kabon ta hanyar da ta bambanta da ta itatuwa da furannin da ƙudan zuma ke bi. 'Yan algus suka koma ruwan sukarin shinkafa, wanda gwajin ba ya gani. Idan masu injinan miliyoyi na fama, ina ga ashana.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda kuɗin da muka biya ya rufe mana baki. A 2008 wata masaniya mai suna Hilke Plassmann da abokan aikinta a Kalifoniya suka ba mutane ruwan inabi iri ɗaya sau biyu, suka ce musu wannan na dala 10 ne, wancan na dala 90. Mutanen suka ce mai tsadar ya fi daɗi, hoton ƙwaƙwalwarsu kuma ya nuna da gaske suke ji. Abin shan nasu ba namu ba ne, amma harshen ɗan Adam ɗaya ne ko'ina.

Wani abin kuma: zumar sidir ta Yaman, wadda alhazai ke sayowa da tsadar gaske a Makka da Madina, daga furen itacen da muke kira kurna ake samunta, ita dai kurnar da yara ke jifa a bayan gari. Amya ɗaya furanni da yawa take tarawa, don haka ba kowace zumar da aka ɗebo kusa da kurna ce sidir ba. Amma mai amyar da ya san itatuwan da ke kewaye da shi zai gaya maka abin da ƙudansa suka sha, abin da takardar jikin kwalba ba kasafai take yi ba.

Mai neman ta ƙwarai da araha ya jira bazara, kafin ruwa ya sauka, lokacin da ake ɗiba da yawa kuma iska a bushe take. Ya tambayi wata da itace. Wadda ta daskare kada a zubar, kada kuma a ɗora ta a wuta, a tsayar da kwalbar cikin ruwan ɗumi wanda hannu ke iya jurewa, za ta saki. In da hali, ka ce a kawo maka ita a saƙarta, farar saƙa mai liƙaƙƙen baki, ka matse a gida ka tace da tsumma mai tsabta. Mai zumar da ya ƙi nuna maka saƙa, ka bar masa kayansa.