Makarantar da ke maƙwabtaka da Kejetia

Kullum mutanenmu na Zango suna ratsa Kejetia don saye da sayarwa, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa kai 'ya'yansu gidan namun daji na Kumasi, wanda ke tsakanin kasuwar da Cibiyar Al'adu. An buɗe shi a 1957, shekarar da Ghana ta sami 'yancin kai, kuma sashen namun daji na Hukumar Gandun Daji ne ke kula da shi. A 2006, da aka tashi na Accra don gina fadar shugaban ƙasa, nan aka kawo da yawa daga dabbobinsa.

Da yawanmu mun ɗauki wurin a matsayin wajen yawon Sallah kawai, alhali kuwa makaranta ce. Darasin farko ma ba a cikin keji yake ba. Duk wanda ya ɗaga kai zai ga dubban jemagu rataye a bishiyoyin gidan. Da almuru sukan tashi su shiga daji neman 'ya'yan itace, su watsa irinsu a wurare masu nisa, har da irin bishiyar odum da kafintocinmu ke alfahari da katakonta. Yaron da ya fahimci haka ya gane cewa ƙofar ɗakinsu tana da alaƙa da jemage, kuma halittu jingine suke da juna.

Darasi na biyu shi ne abin da ke ɓacewa. Binciken da aka fitar a 2014 ya kiyasta cewa zakunan da suka rage a dazuzzukan Afirka ta Yamma ba su wuce kimanin 400 ba. Ungulu ma, wadda iyayenmu suka saba gani a mayanka, ta shiga jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a 2015, saboda guba da farautarta don haɗa magani. Idan ta ƙare, wa zai share mushe kafin ya zama cuta?

Sai dai ɓarna tana gyaruwa. Raƙuman dawa na Kure a Nijar sun ragu zuwa kusan 50 a 1996, amma da manoma da hukuma suka haɗa kai, sun haura 600.

Gaskiya ne keji ba daji ba ne, kuma haƙƙinmu ne mu nemi a ƙoshar da dabbobin, a faɗaɗa musu wuri. Mu ma da namu nauyin. Ya ku iyaye da malaman makarantu, idan mun kai yara, mu karanta musu allunan bayani, mu gaya musu sunan kowace dabba da Hausa, mu hana su jifa da tsokana. Yaron da bai san kura da barewa ba sai a tatsuniya, da wuya ya damu ranar da suka ƙare.

Allah Ya sa mu dace.