Jirgin Sama Mai Sintirin Teku

Ya kamata jama'a su sani cewa ba jiragen ruwa kaɗai rundunar mayaƙan ruwa take da su ba. Akwai kuma jiragen sama masu sintirin teku. Ɗaya daga cikinsu shi ne Atlantik na ƙasar Faransa, wanda ya fara tashi a 1961. Injinsa biyu ne masu farfela, yakan kuma wuce awa 10 a sama bai sauka ba.

Babban aikinsa shi ne farautar jiragen yaƙi masu tafiya a ƙarƙashin ruwa. Tun da ido ba ya ganinsu, sai ya jefa waɗansu na'urori cikin teku, su saurari ƙarar injin, su aiko masa da labari ta rediyo. A wutsiyarsa kuma akwai na'urar da take jin ƙarfe a ƙarƙashin ruwa. In ya gano maɓoyar abokan gaba, sai ya saki nakiya mai bin sawunsu. Yana kuma ɗaukar makami mai linzami da ake kira Exocet domin jiragen da ke kan ruwa. Bayan haka yakan nemo waɗanda hatsari ya rutsa da su a teku.

Abin mamaki, ya yi yaƙi nesa da teku ƙwarai, domin neman mota a hamada tamkar neman kwalekwale ne a teku. A 2013 Faransa ta tura sabon samfurinsa, Atlantik 2, arewacin Mali, inda ya yi leƙen asiri, ya kuma jefa bama-bamai.