Yadda Alex Haley Ya Bi Sawun Kakanninsa Har Gambiya

Baƙar fatar Amurka da ke neman asalinsa yakan ci karo da katanga a shekarar 1870. A ƙidayar jama'a ta wannan shekara ce aka fara rubuta 'yantattun bayi da sunayensu. A ƙidayar 1850 da ta 1860 kuwa, sunan ubangida kawai ake sawa, bawa sai shekarunsa da launinsa da ko namiji ne ko mace.

Alex Haley, wanda aka haifa a 1921, ya yi ƙoƙarin haure wannan katanga. Yana yaro a garin Henning na jihar Tennessee, kakarsa Cynthia takan ba shi labarin wani kakansu da aka kama a Afirka sa'ad da ya je saran itacen ganga. Ubangidansa ya sa masa suna Toby, shi kuwa ya ce sunansa Kinte, kuma yakan kira kogi "Kamby Bolongo".

Da Haley ya girma, ya tarar da sunayen danginsa a takardun ƙidayar 1870. Masanin tarihi Jan Vansina ya shaida masa cewa kalmomin nan sun yi kama da harshen Mandinka na bakin Kogin Gambiya. A 1967 ya isa ƙauyen Juffure, inda wani dattijo, Kebba Fofana, ya jero masa zuriyar Kinte, har ya ambaci wani saurayi Kunta da ya fita saran itace bai dawo ba. Haley ya kuma gano jirgin ruwa mai suna Lord Ligonier, wanda ya sauke bayi 98 a Annapolis ran 29 ga Satumba, 1767. Littafinsa, Roots, ya fito a 1976, ya sa Amurkawa da yawa suka shiga neman tushensu.

Amma fa, mai karatu, labarin bai tsira daga tuhuma ba. Marubuci Harold Courlander ya kai shi ƙara kan kwasar masa rubutu, aka sasanta da biyan kuɗi a 1978. A 1981 masana Gary da Elizabeth Mills suka nuna cewa bawan nan Toby yana cikin takardun jihar Virginia tun 1762, shekara biyar kafin isowar jirgin. Wasu kuma suka ce dattijon Juffure ya riga ya ji abin da baƙon yake nema.

Haley ya rasu a 1992. A yau ana gwajin ƙwayoyin gado, wanda kan nuna yankin da mutum ya fito, amma ba ya faɗin sunan kaka. Sunan sai a bakin tsofaffi ko a takarda, kuma dole a gwada ɗaya da ɗaya. Wanda ke da tsoho a gida, ya ɗauki biro ya tambaye shi tun yana da rai.