Idan Fitilar Baƙin Mai Ta Kunnu a Motar Gona

Jar fitilar nan mai siffar butar shayi tana nuna cewa baƙin mai ba ya kai wa sassan inji da ƙarfin da ya kamata. Da zarar ta kunnu ana cikin tafiya, a tsaya a kashe inji, ko da kuwa kayan gwari aka ɗauko ana saurin cimma kasuwa. 'Yan mintoci sun isa inji ya buga.

A tsayar da mota a wuri mai daidaito, a jira minti 10, a zaro sandar awon mai, a goge, a mayar, a sake dubawa. Idan mai ya yi ƙasa, a ƙara irin wanda littafin motar ya faɗa, sannan a nemi inda yake yoyo, musamman bakin filta da notin ƙasan inji.

Idan kuwa mai a cike yake amma fitila ba ta mutu ba, jan motar za a yi zuwa wurin makanike. Kafin ya kwance inji, ya fara auna ƙarfin man da agogon awo, domin sau da yawa makunnin fitilar ne ya lalace, kuma ba shi da tsada. In awo ya nuna rauni, a duba rariyar famfon mai, wadda gurɓataccen mai ke toshewa, da famfon kansa, da metal. Zuba mai mai kauri ba ya gyara metal da ya cinye, ɓoye matsalar kawai yake yi.