Yadda Ƙura Ke Yaɗuwa Yayin Feshin Kankare a Ramukan Ma'adinai

A wannan takarda za mu duba abin da ke faruwa idan ana fesa kankare a bangon ramin ma'adinai don kada ya rufta. Dabarar ta samo asali ne daga Carl Akeley na Amurka a 1907. Hanyoyinta biyu ne: ko a kwaɓa siminti da yashi kafin a tura su cikin mesa, ko kuwa a tura su a bushe, sai a bakin mesa su gamu da ruwa. Ta biyun ta fi ta da ƙura nesa ba kusa ba, domin ruwan ba ya samun zarafin jiƙa kowace ƙwaya.

Iskar da ke tura haɗin, da ta bugi bango sai ta juyo, ta riƙa kewayawa kamar guguwa daidai inda mai feshi yake tsaye. Manyan ƙwayoyi kan faɗi nan kusa. Ƙananan kuwa, waɗanda ido ba ya gani, sukan yi sa'o'i suna yawo, iska ta kai su ga ma'aikatan da ke can nesa. Su ne ke kutsawa cikin huhu, ƙurar yashi ta taurara shi, ciwon da ba ya warkewa.

A rami mai zurfi, irin na yuraniyom da ke Akouta a Nijar, wanda ya yi aiki daga 1978 zuwa 2021, da injin ake tura iska. Maginin rijiya a Aujara ba shi da injin, ga kuma wuri matsattse. Saboda haka muke ganin a kwaɓa simintin a bakin rijiya, a zura masa a guga.